In ajiye sabar taron bidiyo a ofishina, ko in ci gaba da biyan haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin sayar da iri da taki da maganin feshi a Sabon Garin Zariya, da rassa a Giwa da Soba da Funtuwa, da wakili a kasuwar Dawanau. Duk Litinin muna taro da manajojinmu ta Zoom, kafin damina kuma muna horar da dilolinmu, wani lokaci su kai 80. Biyan lasisi da dala ya fara damuna. Yaron da ke kula mana da kwamfutoci ya ce mu sayi saba, wato babbar kwamfutar da taron zai riƙa bi ta cikinta, mu ajiye a ofis, mu ɗora mata manhajar taro ta kyauta, mu huta da biya, sirrinmu kuma ya zauna a gida. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Bari in fara da abin da na gani, sannan in kawo dalili. Kada ka ajiye sabar nan a ofishinka na Sabon Gari. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, manhajojin da yake magana a kai suna nan, kyauta ne, kuma suna aiki sosai. Akwai Jitsi Meet, akwai BigBlueButton wadda aka faro a jami'ar Carleton ta ƙasar Kanada a 2007 domin koyarwa daga nesa, akwai Nextcloud Talk. Na ɗora su, na kula da su, ina kuma son su. Amma manhajar ita ce mafi arha a cikin kayan da ake buƙata. Abin da ke cin kuɗi da barci shi ne wurin da na'urar za ta zauna, da layin da za ta yi magana ta cikinsa, da mutumin da zai tashi idan ta tsaya. A waɗannan ukun ne shawarar take faɗuwa ga kamfani irin naka.

Sai an san yadda taron bidiyo yake tafiya kafin a gane haka. Idan ku goma ne a taro, wayar kowannenku tana tura murya da hotonta zuwa saba sau ɗaya. Ita kuma sabar sai ta kwafi na kowa ta rarraba wa sauran tara. Ke nan abin da ke shiga mata kaɗan ne, abin da ke fita daga gare ta shi ne mai yawa, kuma yana ninkuwa da yawan mutane. A ce kowane mutum yana karɓar megabit 1 a daƙiƙa (ma'aunin saurin intanet ke nan), wanda hoto ne mai matsakaicin kyau. Taron manajoji goma zai nemi megabit 10 na fita daga ofishinka. Horon diloli 80 zai nemi megabit 80, kuma ba na ɗan lokaci ba, tun daga bismilla har addu'ar rufewa. Su kansu masu BigBlueButton sun rubuta ƙaramin abin da sabarsu ke buƙata: ƙwaƙwalwar sarrafawa mai cibiya 8, ma'adanar aiki gigabait 16, da layin intanet mai megabit 250 shiga da fita daidai wa daida.

To, duba abin da ke ofishinka. Galibin ofisoshin da nake shiga daga PZ zuwa Tudun Wada, ko dai rauta ce, na'urar raba intanet, mai layin waya, ko faranti a kan rufi da ke kallon hasumiyar wani kamfanin intanet, ko Starlink, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023. Dukkansu an gina su ne don saukewa. Za ka ga lamba mai daɗi idan ka gwada saurin saukar da abu, amma ka dubi lambar turawa, ita ce ƙarama, ita ce kuma ke rawa da rana idan mutane sun yi yawa a kan hasumiya. Saba kuwa da ita take rayuwa. Layin da zai ba ka shiga da fita daidai, wanda ba ka raba shi da kowa ba, shi ne wanda ake ja maka da wayar faiba a yi maka yarjejeniya ta musamman, kuma kuɗinsa na wata ɗaya ya ninka lasisin da kake kuka da shi sau da yawa.

Akwai kuma abin da samarinmu kan manta da shi sai sun gama ɗora komai. Domin manajanka na Funtuwa ya iske sabar, dole ta kasance da adireshin intanet nata na kanta wanda ake gani daga waje. Layukan waya da ƙananan tsarin Starlink ba sa ba da wannan. Suna tara kwastomomi masu yawa ne a bayan adireshi ɗaya. Sai a ɗora manhaja, a gwada a cikin ofis ta yi kyau, kowa ya yi murna, ranar Litinin na Soba ya danna mahaɗin taro ya ga allo baƙi. Ana iya sayen adireshin, ana iya yin dabaru, amma kowace dabara ƙarin abin da zai iya lalacewa ce.

Wani zai ce ai Giwa kusa take da Zariya, idan saba tana Sabon Gari magana za ta fi saurin isa a kan ta je Turai ta dawo. A taswira haka ne. A intanet ba lallai ba. Idan manajanka yana kan layin wani kamfani, ofishinka yana kan na wani, bayanan sai sun bi har inda kamfanonin biyu suke haɗuwa, sau da yawa Legas ko Abuja, sannan su juyo. Mahaɗar IXPN, wadda aka kafa a 2006, don haka aka yi ta, don zirga-zirgar cikin gida ta tsaya a cikin gida, kuma ta taimaka ƙwarai. Amma dai saba a Zariya ba ta nufin gajeriyar hanya ga wanda ke waje da katangar ofishin. Tana amfanar wanda ke cikin gini ɗaya da ita ne, wanda ke kan waya ɗaya da ita. Kai kuwa duk mutanen da kake son gani a taro suna waje. Wannan shi ne tushen matsalar. Waɗanda ke cikin ofishin Sabon Gari ai ba sa buƙatar bidiyo, kujera za su jawo.

Sai wuta. Ba sai na yi maka dogon bayani a kanta ba, kai ma kana sayen dizal. Abin da zan ƙara shi ne lissafi. Saba mai cin wat 300, idan ta kwana ta wuni a kunne, tana shan yunit 7.2 a rana, wato yunit 216 a wata. A farashin naira 225 da aka sanya wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 48,600, ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ba, ba a sa lokacin da janareta ke ɗauke da ita ba. Lasisin Zoom na mai kiran taro guda ɗaya bai kai dala 20 a wata ba, wato ƙasa da naira 30,000 idan dala tana naira 1,500. Ka ga tun a kuɗin wuta kaɗai an riga an cinye ribar. Kuma sanyaya ɗakin dole ne. Zafin Maris da Afrilu a Zariya yana kusantar digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankokin na'ura, tsawar farkon damina tana bin waya ta ƙone abin da ta tarar. Na buɗe sabobin da aka ajiye a ƙarƙashin teburin akanta, na ga ƙurar da ta taru a ciki, abin ya ba ni tausayi, domin kuɗi ne mai yawa aka zuba aka bar shi a inda ba zai yi tsawon rai ba. Inbata, batura, sola, abin kare tsawa, duk sai an tanada, kuma duk farashinsu yana bin dala kamar yadda lasisi yake bi.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin sayen tirela da ɗaukar shata. Mai tirela yana biyan direba da makanike da taya da takardu ko da kaya ko babu kaya. Tana biyan kanta ne kawai idan kullum tana kan hanya. Taron awa biyu a mako da horo na 'yan makonni a shekara bai kai lodin da zai riƙe mota ba.

Amma abin da ya fi damuna, fiye da wuta da layi, shi ne mutum. Saba ba firji ba ce da za a jona a manta. Tana buɗe ga duniya dare da rana, kuma akwai na'urori da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ƙofar kowace saba suna neman wadda aka bari ba a sabunta ba. Dole a riƙa sa mata gyare-gyaren tsaro da zarar sun fito. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda yawanci ake amfani da ita, kwana 90 take yi, idan sabuntawar da ke yin kanta ta tsaya ba a lura ba, ranar da ta ƙare kowa zai ga gargaɗi a wayarsa ya ƙi shiga. Chrome zai canza wani abu, manhajar waya za ta canza, sai sabar ta bi. Faifan ajiya zai cika da tarukan da aka naɗa. Duk wannan a wuyan mutum ɗaya. Ina roƙonka ka tambayi kanka tsakani da Allah: idan yaron nan ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, ko zazzaɓi ya kwantar da shi ranar da diloli 80 suke jira, wa zai buɗe na'urar? Na ga kamfanonin da mai kula da sabarsu ya tafi da kalmar sirri a kansa, ba da mugunta ba, don dai ba wanda ya taɓa cewa ya rubuta. Aka wayi gari na'ura tana kunne, ba mai iya shiga cikinta.

Yanzu batun dala, domin kukanka gaskiya ne. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Abin da kake biya ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara maka komai ba, ga harajin kaya na kashi 7.5 a kai, ga wahalar katin banki da ya riƙa ƙin biya a waje. Sai dai kafin ka canza tsari, ka sa a kawo maka takardar abin da kuke biya ka duba layi-layi. Abin da na fi tararwa shi ne an saya wa kowane manaja lasisi, alhali mai kiran taro kaɗai ke buƙata. Masu shiga ba sa biyan komai. Lasisi ɗaya na Zoom a matakin farko na biya yana ɗaukar mutum 100, yana kuma barin taro ya yi awanni masu yawa, ke nan ya isa taron Litinin, ya isa horon diloli. Idan kuma adireshin imel na kamfaninku a kan Google Workspace yake ko Microsoft 365, to kun riga kun biya kuɗin Google Meet ko Teams a ciki, biya biyu kuke yi. Akwai dillalai a cikin ƙasa da ke sayar da waɗannan lasisin da naira su ba da rasit, wanda ya fi sauƙi ga akantanka. Har na kyauta ma suna da amfani: Zoom yana yanke taron jama'a a minti 40, Google Meet da Teams a minti 60. Taron manajojin da aka shirya shi da kyau, kowa ya turo alƙalumansa tun daren Lahadi, zai iya ƙarewa a cikin awa ɗaya.

Maganar sirri ita ce hujjar yaronka mafi ƙarfi, don haka ba zan wuce ta da sauri ba. Gaskiya ne idan taro ya bi ta sabar wani, ka ba shi amana. Kuma an taɓa samun dalilin shakka. A 2020, lokacin da annobar korona ta tura kowa kan Zoom, baƙi sun riƙa faɗawa tarukan mutane, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka kuma ta tuhumi kamfanin da cewa irin kullewar sirrin da yake iƙirarin yana yi wa murya da hoton taruka ba ita yake yi ba, har aka yi sulhu a watan Nuwamba na shekarar. Bayan haka sun gyara abubuwa da dama, sun kawo kullewar da ko su kansu ba sa iya buɗewa, ga wanda ya zaɓa, sai dai idan an kunna ta ana rasa wasu abubuwa kamar naɗar taro a sabarsu. Wannan ke nan a ɓangarensu.

Amma mu duba ta inda sirrin kamfani irin naka yake fita a zahiri. Farashin da za ka ba diloli, bashin da ake bin wane, sabon irin masarar da za ka kawo kafin abokan hamayya su farga. Ba wani a Kalifoniya ke neman waɗannan ba. Mai nemansu yana layi ɗaya da kai a kasuwa. Hanyar da yake samu ita ce mahaɗin taro da aka tura a zauren WhatsApp aka sake turawa, ko manajan da ya kunna lasifika a cikin shago kwastomomi na ji, ko wanda ya naɗi allon wayarsa, ko tsohon ma'aikacin da ba a cire daga zaure ba. Saba a ofis ba ta toshe ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke toshe su shi ne ɗakin jira inda kai ko sakatarenka ke tantance kowa kafin ya shiga, da tilasta wa kowa shiga da sunansa na gaskiya, da canza mahaɗi idan wani ya bar aiki, da kulle taro bayan an fara. Duk suna cikin abin da kake biya yanzu. Har ma zan ce sabar gida da ba a kula da ita ta fi ta haya hatsari. Jitsi, alal misali, idan aka ɗora ta yadda ta zo ba a saita tantance masu buɗe ɗaki ba, duk wanda ya san adireshin zai iya buɗe taronsa a kan na'urarka da layinka.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta haramta amfani da sabis na waje ba. Ta sa sharuɗɗa ne a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, cewa a tabbatar akwai isasshiyar kariya ko wani dalili da doka ta yarda da shi. Ta kuma ɗora wa mai riƙe da bayanai nauyin tsare su, da sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da mutane. Ka lura, idan ka ajiye saba a gida, wannan nauyin bai ragu ba, ya dawo kanka ne gaba ɗaya. Inda lamarin ya bambanta shi ne bayanan gwamnati, domin ƙa'idojin hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA sun nemi a ajiye su a cikin ƙasa. Idan wata rana ka shiga kwangilar rabon taki da wata hukuma, aka ba ka sunaye da lambobin manoma, to ka karanta yarjejeniyar da kyau, ka kuma tuntuɓi lauya kafin ka nuna irin wannan jerin a allon taro ko ka naɗe shi.

Ba ina cewa haya ba ta da aibi ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, duk abin da ke zaune a waje ya yi nauyi ko ya tsaya na kwanaki. Kamfani kan rufe abin da ka saba da shi, kamar yadda Microsoft ya rufe Skype a watan Mayun 2025. Farashi kan tashi ba a yi shawara da kai ba. Mun kuma ga an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda ya nuna cewa sabis na waje na iya yankewa saboda dalilin da bai shafi fasaha ba. Maganin waɗannan shi ne ka kasance da hanya ta biyu a shirye. Idan Zoom ya ƙi, kowa ya san za a koma Meet. Idan duk sun ƙi, kiran murya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, ya ishi manajoji. Idan intanet ɗin ne gaba ɗaya, a haɗa kiran waya na gama-gari. A rubuta wannan a takarda ɗaya a manna a kowane reshe.

Su wa ajiye saba a gida ta dace da su? Masu harabar da mutanensu ke ciki. Ka ɗauki ma'aikata mai girman jami'ar da ke Samaru da Kongo, ko asibitin koyarwa irin na Shika: gine-gine masu yawa da aka haɗa da faiba, sashen kwamfuta mai ma'aikata da ke karɓa-karɓa, ɗakin saba mai sanyi da janareta nasa, azuzuwa ko taruka masu yawa a lokaci guda. A irin wannan wuri lasisin kowane malami yana taruwa ya zama kuɗi mai nauyi, zirga-zirgar kuma yawancinta ba ta fita waje, kuma BigBlueButton tana haɗuwa da manhajar koyarwa ta Moodle kai tsaye. A nan lissafin yana juyawa. Haka bankin da doka ta ɗaure shi, ko hukumar tsaro. Kai ba ka cikin wannan sahu, kuma ba aibi ba ne.

Akwai hanya ta uku da tambayarka ba ta ambata ba, kuma idan har za ka bar haya wata rana, ita nake so ka bi. Manhajar ta zama taka, amma na'urar ta zauna a cibiyar adana bayanai. Ana hayar saba a irin waɗannan cibiyoyi wata-wata, su ne da wuta da sanyi da layi mai faɗi da adireshin da ake gani daga waje, kai kuma ka ɗora Jitsi ko BigBlueButton da sunan kamfaninka. A Legas akwai Rack Centre da MDXi, wadda ta koma hannun Equinix da ya sayi MainOne a 2022, a Abuja akwai Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya, akwai kuma ƙananan kamfanoni da ke sayar da hayar saba daga cikin irin waɗannan cibiyoyi da naira. Na Turai sukan fi arha, amma an koma biyan kuɗin waje, an kuma ƙara nisa. Nisan yana da tasiri a magana: ƙa'idar ƙungiyar sadarwa ta duniya ita ce jinkirin murya daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi ba tare da ana katse juna ba. Wannan hanya ta cire maka matsalar wuta da ta layi. Ba ta cire ta mutum ba. Kuma naɗar taro a Jitsi tana buƙatar wani ɓangare daban mai suna Jibri, mai cin ƙarfin na'ura, wanda kowane ɗaya taro ɗaya yake naɗa a lokaci guda. A sa wannan a lissafi tun farko.

Sai dai, Alhaji, ina ganin inda horonka yake ciwo ba a saba yake ba ko kaɗan. Yana hannun dilan da ke ƙauye da ƙaramar waya, sandar sabis biyu, da datar da ya saya da kuɗinsa, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Bidiyo mai megabit 1 yana cin kusan megabait 450 a awa. Murya kaɗai ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ko wace saba ka saya, wannan dila haka zai riƙa faɗuwa yana dawowa. Abin da zai taimake shi shi ne a kashe kamarar kowa sai ta mai koyarwa, ko ita ma a kashe a bar murya da hotunan da ake nunawa, manyan rubutu, da Hausa. A tara dilolin kowane yanki a reshe mafi kusa, su goma ko sha biyar a gaban allo ɗaya da lasifika mai kyau, sai mahaɗai 80 su koma shida zuwa takwas, ga kuma manaja a wurin da zai nuna musu yadda ake auna maganin feshi da hannu, abin da allo ba zai koyar ba. A yanka darasin gunduwa-gunduwa na minti biyar a tura musu ta WhatsApp su saurara a lokacin da sabis ya yi kyau. Kuɗin da za ka sa a saba, ka sayi makirufo na tebur ga kowane reshe, da ƙaramin batir da zai riƙe rauta idan an ɗauke wuta, da layi na biyu na wani kamfani daban. A taro mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar murya ta fara yankewa hankalinsu ya tafi.

Game da yaronka kuma, don Allah kada ka kashe masa gwiwa. Yaron da ya yi tunanin rage maka kashe kuɗi, ya je ya yi bincike har ya gano waɗannan manhajoji, abin riƙewa ne. Zariya cike take da irinsu, daga jami'a da kwalejin Nuhu Bamalli, abin da suka rasa shi ne wurin gwaji da wanda zai yarda da su. Ka ba shi dama ta hanyar da ba za ta cutar da kasuwa ba. Ka ba shi kuɗin hayar ƙaramar saba ta wata ɗaya ko biyu a cibiyar adana bayanai, ya ɗora Jitsi, ku yi taron Litinin a kanta, lasisinku na yanzu yana nan a gefe. A gwada da ainihin wayoyin manajoji, daga ainihin inda suke zama, a ainihin lokacin taro, ba a cikin ofis da daddare ba. Ya riƙa rubuta wa ya faɗi, sau nawa, a kan wane layi, da awannin da shi kansa ya kashe wajen gyara, domin lokacinsa ma kuɗi ne. Ka sa sharaɗi uku tun ranar farko: sunan adireshin da asusun hayar su kasance da sunan kamfani ba nasa ba, kalmomin sirri su kasance a rubuce a wurinka da wurin mutum ɗaya da ka amince da shi, kuma ya koya wa wani ma'aikaci yadda ake tayar da ita idan ta tsaya. Idan wata biyu suka cika, ku zauna da takardar da ya rubuta da rasit na ɓangarorin biyu, alƙaluman za su nuna muku.

Lokacin gwajin ma a zaɓe shi. A yi shi bayan kaka, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciniki ya lafa kuma taron da ya lalace ba zai jawo asara ba. Horon diloli na Afrilu da Mayu kuwa a bar shi a kan abin da kowa ya riga ya iya, da lasisi ɗaya, har sai sabon tsarin ya yi wata da watanni yana ɗaukar taron manajoji ba tare da an kira yaron da tsakar taro ba.